Idan An Rufe Manhajar, Bakin Wa Aka Rufe?

Kiran ya zama ruwan dare. Da zarar wata manhajar sada zumunta ta goge rubutun wani babba, ko aka kama ta tana danne wani labari, sai ka ji 'yan majalisa da ministoci da masu sharhi sun haɗa baki: a rufe ta, ta baƙi ce, ba za mu zura ido wasu can a wata ƙasa suna zaɓar mana abin da za mu faɗa da abin da za mu ji ba. An yi wannan kira a Amurka, an yi a Indiya, an yi a Rasha, an yi a ƙasashen Afirka da dama. Maganar tana da daɗin ji, domin tana taɓa kishin ƙasa, tana kuma sosa wa mutane inda yake musu ƙaiƙayi: kusan kowane mai waya ya san haushin tashi da safe ka tarar an sauke rubutunka ba tare da an gaya maka laifinka ba. Ni dai ba na goyon bayan kiran, kuma ba don ina ganin kamfanonin nan waliyyai ne ba. Na yarda suna danne murya, wataƙila ma fiye da yadda masu kiran suka yarda. A kan magani muka raba gari.

Abin da masu kiran suka faɗa daidai ba ƙarami ba ne, kuma bai kamata a share shi ba.

A watan Nuwamban 2019 wata yarinya 'yar shekara 17 a jihar New Jersey ta Amurka, Feroza Aziz, ta ɗora bidiyo a TikTok. Ta fara kamar sauran masu koyar da kwalliya, ta ɗauki ɗan ƙarfen lanƙwasa gashin ido ta kai fuska, tana bayanin yadda ake yi. Bayan 'yan daƙiƙoƙi, muryarta ba ta canza ba, sai ta ce wa masu kallo su ajiye kayan kwalliyar, su yi amfani da wayar da ke hannunsu su bincika abin da ake yi wa Musulmin Uighur a sansanonin tsare mutane na ƙasar Sin. Bidiyon ya yaɗu. Aka toshe mata hanyar shiga shafinta, aka kuma sauke bidiyon na ɗan lokaci. Da surutu ya yi yawa kamfanin ya ba da haƙuri, ya ce sauke bidiyon kuskuren ma'aikaci ne, toshe shafin kuma saboda wani tsohon bidiyo ne daban. Ko ka yarda da bayaninsu ko ba ka yarda ba, abin lura shi ne yarinyar tun farko ta ga dole ta lulluɓe maganarta cikin kwalliya kafin ta fito. Ba wanda ya aiko mata da takardar gargaɗi. Ta dai fahimci yanayin gidan da take ciki.

Wata biyu kafin haka jaridar Guardian ta Birtaniya ta wallafa wasu takardun cikin gida na kamfanin ByteDance, mai TikTok, waɗanda ke umartar masu tace bidiyo su danne batun kisan dandalin Tiananmen na 1989, da 'yancin Tibet, da ƙungiyar Falun Gong. Kamfanin ya ce tsofaffin ƙa'idoji ne da ya riga ya daina aiki da su. A Disambar 2022 kuma da bakinsa ya amsa cewa wasu ma'aikatansa sun leƙa bayanan wasu 'yan jarida don gano wanda ke tsegunta musu sirrin kamfanin. Ga kuma dokar leƙen asiri ta Sin ta 2017, wadda sashe na 7 nata ya wajabta wa kowane kamfani da kowane ɗan ƙasa taimaka wa hukumomin leƙen asiri. Sannan ita Sin ɗin ta toshe Facebook da Twitter tun 2009, ita kanta TikTok ba ta aiki a can, Douyin, takwararta ta cikin gida, ce ke aiki. Wanda ya ce bai yarda da irin wannan mai gida ba, ban ga laifinsa ba.

Akwai ma abin da ya fi gogewa haɗari. A da, idan hukuma ta hana jarida fita, kowa ya san an hana. Yanzu ba sai an goge komai ba. Manhajar tana da tsarin lissafi, algoridim, wanda shi ke zaɓo bidiyon da zai biyo bayan wanda kake kallo. Idan aka ɗan rage wa wani batu maki a cikin wannan lissafi, rubutunka na nan a shafinka, kana ganinsa, amma mutum ɗari ne za su ci karo da shi maimakon dubu ɗari. Kai kuma sai ka ɗauka maganarka ce ba ta yi armashi ba. Babu wanda ke waje da zai iya tabbatar da an yi haka, babu kuma wanda zai iya rantsewa ba a yi ba. Wannan duhu shi ne ainihin matsalar.

Sai dai duhun nan bai san fasfo ba, kuma a nan hujjar masu kiran ta fara tangal-tangal.

Ga mafi yawan mutanen duniya, kowace babbar manhaja ta baƙi ce. Facebook da Instagram da WhatsApp da YouTube da X (wato Twitter a da) na Amurka ne. TikTok ta fito daga Sin. Telegram ɗan Rasha ne ya ƙirƙire ta, Pavel Durov, yana kuma tafiyar da ita daga Dubai. Idan zama a hannun baƙo shi ne laifin, to ban da Amurka da Sin da wasu 'yan tsiraru, sauran ƙasashe sai su rufe komai su koma aika wasiƙa. Kuma na Amurkan ba su fi tsarki ba a wannan fanni. A Disambar 2023 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan abubuwa 1,050 da aka goge ko aka danne a Facebook da Instagram cikin Oktoba da Nuwamba na shekarar, daga ƙasashe sama da 60; guda 1,049 daga ciki maganganu ne na lumana na goyon bayan Falasɗinawa. Tun kafin nan, a 2022, binciken da kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, da kansa ya sa aka yi kan rikicin Isra'ila da Falasɗinawa na Mayun 2021 ya gano cewa matakansa sun tauye haƙƙin Falasɗinawa na faɗin albarkacin baki. A Agustan 2024 Mark Zuckerberg, shugaban Meta, ya rubuta wa majalisar wakilan Amurka cewa gwamnatin Biden ta matsa wa kamfaninsa lamba ya sauke wasu rubuce-rubuce kan cutar korona. Kuma tun 2013 Edward Snowden, tsohon ma'aikacin leƙen asirin Amurka, ya tona yadda hukumomin leƙen asirin Amurka ke samun bayanai daga manyan kamfanonin intanet na ƙasar. Laifi tudu ne.

Indiya ta nuna abin da ke faruwa idan aka bi shawarar har ƙarshe. A ranar 29 ga Yunin 2020, mako biyu bayan arangamar kwarin Galwan inda sojojinta 20 suka mutu a faɗa da na Sin, ta haramta TikTok da wasu manhajojin Sin 58. TikTok na da masu amfani kusan miliyan 200 a ƙasar a lokacin. Ina suka koma? Cikin 'yan kwanaki Instagram ta fito musu da Reels, sashen gajerun bidiyo irin na TikTok, a Satumba YouTube ta ƙaddamar da nata mai suna Shorts a Indiya kafin ko'ina. Manhajojin gida sun taso, sun ɗan yi tashe, amma kaso mafi tsoka ya tafi hannun kamfanoni biyu na Amurka. An kori baƙo ɗaya, an shimfiɗa wa wani baƙon tabarma. Kuma sashe na 69A na dokar fasahar sadarwa, wanda da shi aka rufe TikTok, da shi ne gwamnatin ta yi amfani a farkon 2021 ta umarci Twitter ya toshe shafukan da ke magana kan zanga-zangar manoma, har da na 'yan jarida. A Janairun 2023 ta sa YouTube da Twitter suka sauke wani shirin BBC kan Firaminista Narendra Modi. Ɗan Indiya bai samu ƙarin 'yancin magana ba bayan 2020. Abin da ya samu shi ne gwamnatin da ta gwada ƙarfinta ta ga yana aiki.

In aka duba waɗanda suka rufe manhaja da sunan cewa tana danne murya, za a ga muryar wa ake nufi. A Yuganda, ana saura kwanaki zaɓen 14 ga Janairun 2021, Facebook ya rufe wasu shafuka da ya ce na bogi ne masu alaƙa da gwamnati. Shugaba Yoweri Museveni ya zargi kamfanin da girman kai da ɗaukar ɓangare, aka toshe kafafen sada zumunta, daren jajiberin zaɓe kuma aka kashe intanet ɗin gaba ɗaya. A Najeriya, Twitter ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari da ya yi nuni da yaƙin basasa. Kwana biyu bayan haka, ranar 4 ga Yunin 2021, ma'aikatar yaɗa labarai ta sanar da dakatar da shi. A ina ta sanar? A shafinta na Twitter. Sai 13 ga Janairun 2022 aka buɗe, bayan kwana 222, kuma a Yulin 2022 kotun ECOWAS ta yanke cewa dakatarwar ta saɓa doka. A tsakanin nan hukumomin gwamnati sun yi ƙaura zuwa wata manhaja mai suna Koo, wadda ita ma ta baƙi ce, ta Indiya, kuma ta rufe harka a 2024. Za a iya muhawara kan ko ya dace kamfani ya goge maganar shugaban ƙasa mai ci. Ni ma ina da ja a kan yadda ake yin hakan ga wasu a ƙyale wasu. Amma ramuwar ta faɗa kan wa? An goge saƙon mutum ɗaya, shi kuma ya goge na miliyoyi.

Rasha ce ta yi abin ƙarara, ba rufa-rufa. A ranar 4 ga Maris ɗin 2022 hukumar sadarwarta ta toshe Facebook, ta ce dalili shi ne yana nuna wariya ga kafafen yaɗa labaran Rasha irin su RT da Sputnik. Wato Facebook na tace labarai, don haka an rufe shi domin kare 'yancin samun labari. A wannan ranar ce Vladimir Putin ya sa hannu kan dokar da ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 15 ga wanda ya yaɗa abin da hukuma ta kira labarin ƙarya game da soja. Instagram ya bi bayan kwana goma. Yanzu akwai manhajar gida mai suna Max, wadda tun Satumban 2025 doka ta ce a sa ta a cikin sabbin wayoyin da ake sayarwa a ƙasar. Ta gida ce kam, babu baƙo a ciki. Sai a tambayi ɗan adawar Rasha ko zai rubuta abin da ke ransa a cikinta.

Wannan shi ne abin da masu cewa a gina namu na gida ba sa so a tsaya a kai. Kamfanin waje yana iya goge rubutunka, ya rufe shafinka, ya ɓoye ka daga idon jama'a, kuma duk wannan zalunci ne. Amma ba shi da 'yan sanda a unguwarku, ba shi da gidan yari. Kamfanin gida kuwa lasisinsa, da asusun bankinsa, da na'urorin ajiyarsa, da shugabansa da iyalin shugabansa duk suna inda hannun hukuma ke kaiwa. Kira ɗaya a waya ya isa. Shi ya sa a ƙasashe da yawa manhajar baƙi, duk da aibinta, ita ce ɗan filin da ya rage wa mai sukar gwamnati. Alexei Navalny, jagoran 'yan adawar Rasha a lokacin, a YouTube ya ɗora binciken da ya yi kan dukiyar Putin a Janairun 2021, aka kalla sama da sau miliyan 100. Babu gidan talabijin na Rasha da zai nuna shi. Kuma a Satumban 2021, da hukumomi suka so a cire manhajar zaɓe ta mutanen Navalny daga rumbun Apple da Google, da me suka ci nasara? Da barazana ga ma'aikatan kamfanonin da ke zaune a Rasha. Gwargwadon yadda kamfani ya zama na gida, gwargwadon yadda yake lanƙwasuwa. Don haka ma duk sanda na ji gwamnati na cewa sharaɗin buɗe manhaja shi ne ta naɗa wakili mazauni a ƙasa, nakan tambayi kaina: wakili ake nema ko wanda za a riƙe?

Labarin Amurka ya cancanci a ɗan dakata a kansa, tunda ita ce ƙasar da ta fi kowa tutiya da 'yancin magana. Donald Trump ya fara yunƙurin rufe TikTok da WeChat a Agustan 2020, kotuna suka taka masa birki. A Afrilun 2024 majalisa ta zartar da doka, Joe Biden ya sa hannu: ko ByteDance ya sayar, ko a rufe. Kotun Ƙoli ta amince da dokar a ranar 17 ga Janairun 2025. Gwamnati ta kawo hujja biyu, kwasar bayanan Amurkawa miliyan 170 da kuma tsoron cewa Sin za ta murɗa abin da suke gani a ɓoye. Kotun ta jingina hukuncinta kan ta farko ne, ta bayanai. Mai shari'a Neil Gorsuch ya fito fili ya nuna shakkarsa kan ta biyu, inda ya ce abin da wani ke kira murɗa bayanai a ɓoye shi ne wani ke kira zaɓin edita. Wato ko a kotun da ta goyi bayan rufewar, hujjar tace labarai ba ita ta ɗauki nauyin ba.

Akwai kuma abin da ya suɓuce daga bakin Sanata Mitt Romney a Mayun 2024, yana hira da sakataren harkokin waje Antony Blinken a bainar jama'a. Ya ce masu mamakin yadda aka samu gagarumin goyon baya ga rufe TikTok su duba yawan ambaton Falasɗinawa a cikinta idan aka kwatanta da sauran kafafe. Ban ce wannan ne kaɗai dalilin dokar ba. An daɗe ana shirya ta kafin yaƙin Gaza. Amma a wurin wasu daga cikin masu jefa ƙuri'ar, matsalar TikTok ba wai tana ɓoye magana ba ce. Matsalarta tana barin wata magana ta fita.

A daren 18 ga Janairun 2025 Amurkawa suka buɗe manhajar suka tarar da sanarwa cewa doka ta hana, amma shugaba mai jiran gado ya nuna zai nemo mafita. Kafin nan dubban ɗaruruwansu sun riga sun yi tururuwa zuwa Xiaohongshu, wadda suke kira RedNote, manhajar Sin zalla, mai rubutun Sinanci, wadda ke ƙarƙashin dokokin tacewar Beijing kai tsaye. Washegari TikTok ta dawo. Trump, wanda ya fara neman kashe ta, ya zama mai cetonta, domin a tsakani ya gano tana kawo masa matasa. Ya yi ta ɗage wa'adin da doka ta gindaya, har aka ƙulla cinikin da ya bar wa ByteDance ƙasa da kashi 20 cikin ɗari na harkar a Amurka, manyan masu hannu kuma suka haɗa da Oracle na Larry Ellison, abokin tafiyar shugaban, da Silver Lake, da MGX na Abu Dhabi, wanda shi ma ba ɗan gida ba ne. To yanzu an canza hannun da ke riƙe da algoridim ɗin. Shin mai amfani da ita ya san dalilin da ya sa wannan bidiyo ya zo gabansa wancan bai zo ba? Bai sani ba jiya, bai sani ba yau. Ita wannan ƙasar ce a 1965 Kotun Ƙolinta ta soke dokar da ta ce gidan waya ya riƙe farfagandar kwaminisanci da aka aiko daga waje sai mai ita ya rubuto yana so. A tsakiyar yaƙin cacar baka ke nan, kuma alƙalan suka ce ɗan ƙasa yana da haƙƙin karɓar ra'ayi ko daga abokan gaba ne.

Ba na cewa babu inda hani ya dace. Hana sa TikTok a wayoyin aikin gwamnati, kamar yadda Hukumar Tarayyar Turai da Kanada da Birtaniya suka yi a farkon 2023, daidai ne. Mai aiki yana da ikon cewa me za a sa a kayan aikinsa, kuma soja ko jami'in diflomasiyya ba daidai yake da mai sayar da takalma ta bidiyo ba. Batun kwasar bayanai ma gaskiya ne, sai dai maganinsa doka ce da ta hau kan kowa, domin akwai dillalan bayanai da ke sayar da inda mutane suke da abin da suke saye ga duk mai kuɗi, ba sai ya mallaki manhaja ba. Hukumar kare bayanai ta Ireland ta ci TikTok tarar Yuro miliyan 530 a Mayun 2025 kan tura bayanan Turawa zuwa Sin, ba tare da ta rufe bakin kowa ba.

Misalin da ya fi ba ni wahala shi ne na Birazil. A ranar 30 ga Agustan 2024 alƙalin Kotun Ƙoli Alexandre de Moraes ya dakatar da X bayan mai kamfanin, Elon Musk, ya ƙi bin umarnin kotu, ya kuma ƙi naɗa wakilin shari'a. Babu ƙasar da za ta yarda attajiri ɗaya ya ce ya fi ƙarfin kotunanta, kuma shi Musk ɗin ne a Mayun 2023 ya bi umarnin Turkiyya ya toshe wasu shafuka ana jajiberin zaɓe, ba tare da wata jarumta ba. A Birazil aƙalla kotu ce ta yi, sauran alƙalai suka tabbatar, an faɗi sharuɗɗan buɗewa, kuma da aka cika su aka biya tara, aka buɗe ranar 8 ga Oktoba. Wannan ya sha bamban da ministan da ya tashi da fushi ya ba da umarni. Duk da haka, tarar Real dubu 50, kuɗin Birazil, a kullum da aka ɗora wa duk wanda ya shiga ta VPN, wato manhajar da ake zagaye toshewa da ita, ta wuce gona da iri. Me ya haɗa ɗan jaridar da ke son karanta abin da ake cewa da taurin kan Musk?

Kuma kullum haka abin yake: ba kamfanin ke fara jin jiki ba. Mai ƙaramar sana'ar da ta shekara uku tana tara mabiya, malamin da ke koyarwa ta gajerun bidiyo, wanda ke neman ɗan'uwansa da ya ɓata, su ne ke wayar gari hannu rabbana. Manya kuwa suna da VPN, wasu ma ba sa buƙatarsa. Iran ta toshe Twitter tun 2009, amma shugabanninta suna rubutu a ciki. Jami'an diflomasiyyar Sin suna cika X da martani, alhali talakan Sin ba ya iya buɗe ta.

Abin da nake so a yi bai kai rufewa daɗin shela ba, amma yana taɓa ciwon. A tilasta wa kowace babbar manhaja, ko ta wace ƙasa ce, ta gaya wa mutum dalilin sauke rubutunsa ko rage masa isa, da wace ƙa'ida ya karya. A ba shi hanyar ɗaukaka ƙara zuwa wani da ba ma'aikacin kamfanin ba. A buɗe wa masu bincike masu zaman kansu ƙofa su duba yadda algoridim ke aiki. A sa kamfani ya wallafa duk buƙatar da wata gwamnati ta aiko masa ta a sauke abu, har da gwamnatin da ta kafa dokar. Dokar ayyukan intanet ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki gaba ɗaya a Fabrairun 2024, ta ƙunshi da yawa daga waɗannan, da tarar da ke iya kaiwa kashi 6 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya. Da aka soke zagayen farko na zaɓen shugaban Romaniya a Disambar 2024 bisa zargin an yi amfani da TikTok an murɗa shi, bincike Tarayyar ta buɗe a ƙarƙashin wannan doka, ba ta kashe manhajar ba. Sai kuma abin da na fi ganin zai karya ƙarfin kamfanonin: a ba mutum ikon tashi da mabiyansa zuwa wata manhajar, kamar yadda a ƙasashe da dama kake sauya kamfanin layin waya ka riƙe lambarka. Abin da ke ɗaure mutane a manhajar da ke wulaƙanta su shi ne jama'arsu na can. Ranar da fita ta yi sauƙi, mai gogewa zai fara tunani sau biyu.

Na san wannan ma yana da rauni. Tarayyar Turai kasuwa ce ta mutum kusan miliyan 450, shi ya sa ake saurarenta. Ƙaramar ƙasa ita kaɗai ba lallai a ɗaga mata waya ba, sai dai ƙasashen yanki su haɗa kai su yi magana da murya ɗaya. Kuma doka irin wannan a hannun gwamnatin da ba ta da kotu mai cin gashin kai tana iya rikiɗewa ta zama wani makamin. Amma ko a mafi muninta, tana barin mutane suna magana yayin da ake rigimar. Rufewa ba ta bari.

Nepal ta gwada a kwanan nan. A ranar 4 ga Satumban 2025 gwamnati ta toshe kafafe 26, ciki har da Facebook da YouTube da WhatsApp da X, bisa cewa kamfanonin waje ne da suka ƙi yin rajista a ƙasar. TikTok, wadda aka taɓa haramtawa a 2023, ta tsira a wannan karon domin ta yi rajistar. Matasa sun daɗe suna yaɗa bidiyon facakar 'ya'yan 'yan siyasa, don haka babu wanda ya ɗauki zancen rajista da muhimmanci. Ranar 8 ga wata suka fito titi, jami'an tsaro suka buɗe wuta, mutum 19 suka mutu a ranar. A daren aka janye hanin, washegari Firaminista K.P. Sharma Oli ya ajiye muƙami, ginin majalisa na ci da wuta.

Mai goyon bayan rufewa yakan hango gwamnatin da yake so tana rufe manhajar da ba ya so. Amma ikon da aka rubuta a doka ba ya tafiya tare da wanda ya rubuta shi. Dokar Amurka ta 2024 ba ta tsaya kan TikTok ba: ta ba shugaban ƙasa, ko wane ne, damar ayyana wasu manhajojin masu alaƙa da Sin ko Rasha ko Iran ko Koriya ta Arewa a matsayin barazana, muddin masu amfani da su sun haura miliyan ɗaya a wata. Sashe na 69A na Indiya ma gwamnatin jam'iyyar Congress ce ta shigar da shi a gyaran dokar 2008, kuma yau abokan hamayyarta na BJP ne ke aiki da shi.